Jiragen yaƙin Albaniya a kwali ɗaya: saitin haɗawa da ake sayarwa a Ikeja

Wani shagon kayan zane da na wasan yara a Ikeja, can bayan layukan masu sayar da waya, ya fara kawo ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda mutum ke yankowa daga jikin firam ya haɗa da hannunsa ya yi musu fenti. A cikin kayansa akwai saiti ɗaya da ya cancanci a zauna a yi maganarsa: jirage biyar na rundunar sojin saman Albaniya a zamanin mulkin gurguzu, a ma'aunin 1/72, wato kowane santimita ɗaya a jikin robar yana madadin santimita 72 a jirgin gaske. A cikin kwalin akwai MiG-15bis, da F-5, da F-6, da F-7A, da jirgin ɗaukar kaya Y-5, sai takardar tambura ɗaya ta dukkansu, da ɗan littafin bayani da Turanci. Babu gam, babu fenti, babu burushi.

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne ba masana'anta ɗaya ce ta yi jiragen biyar ba. Wani dila ne ya tattaro su daga wurare daban-daban ya zuba a kwali ɗaya, shi ya sa ingancinsu bai zo ɗaya ba: biyu suna haɗuwa lafiya lau, ɗaya sai da ɗan lallashi, biyu kuma sai an sha aiki. Amma wanda ya zaɓi jiragen ya san abin da yake yi. In ka jera su a kan tebur bisa tsarin shigowarsu ƙasar, ka ga tarihin rundunar da idonka, daga lokacin da take hannun Tarayyar Sobiyet, zuwa lokacin da ta koma hannun Sin, zuwa lokacin da aka bar ta ita kaɗai. Wannan zaɓin shi ne babban dalilin sayen saitin, kuma ya rinjayi kurakuransa, duk da cewa kurakuran ba ƙanana ba ne.

Albaniya ƙasa ce ƙarama a bakin tekun Adiriyatik, faɗinta murabba'in kilomita 28,748, ta ɗan fi jihar Katsina amma ba ta kai Kaduna ba, kuma mutanenta ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba a ƙarshen shekarun 1980. Enver Hoxha ya mulke ta daga 1944 har mutuwarsa a 1985. An kafa rundunar samanta a 1951 da jiragen Yak-9 masu farfela, sannan a 1955, shekarar da ta shiga Ƙawancen Warsaw, wato ƙungiyar sojan ƙasashen gurguzu ƙarƙashin Sobiyet, jiragen MiG-15 suka iso. Da MiG-15bis ɗin ya kamata a fara haɗin, ba don tarihi kawai ba, shi ne ya fi sauƙi a cikin biyar ɗin. In an gama shi faɗin fukafukansa santimita 14 ne, tsawonsa ma kusan haka. Ɓangarorin jikinsa biyu suna rufuwa ba tare da gibi ba, zanen layukan ƙarfen jikin kuma a nutse yake, siriri, yadda ake so.

Matsalarsa ɗaya ce, kuma ta shafi duk jiragen yaƙin huɗu: in ba a sa masa nauyi a hanci ba, da zarar an ɗora shi a kan tayoyinsa sai ya zauna da wutsiya, hancin ya ɗaga sama. Dalili shi ne a jirgin gaske bindigogi da matuƙi da na'urori suna gaba, a na roba kuwa gaban fanko ne, dogon bindin ya fi nauyi. Takardar haɗin ba ta faɗi wannan ba sam. Ana buƙatar dalma giram 5 zuwa 8, kuma mafi sauƙin samu a Legas ita ce 'yar dalmar da ake maƙalawa a gefen rim don daidaita taya, kowane mai faci yana da tsofaffinta. A daddatse ta ƙanana a cusa a cikin bangon da ya raba bakin shan iska gida biyu, da ƙarƙashin kujerar matuƙi. Kada a zuba ta a cikin ramin iskar kansa, don za a hango ta daga gaba. Kafin a shafa gam, a ɗaure jikin da salatif, a saka fukafukai da bindi haka nan, a ɗora jirgin a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna. In hancin ya faɗi ƙasa, nauyin ya isa. In an riga an rufe jikin kafin a tuna, babu sauran dabara mai kyau.

Bindigogin wannan jirgi uku ne a ƙarƙashin hanci, ɗaya mai baki milimita 37 a dama, biyu masu milimita 23 a hagu, kuma kit ɗin, wato kwafin robar da ke cikin kwalin, ya sa su daidai. Bakin babbar a wannan ma'auni rabin milimita ne, ana iya huda shi da tsinin allura mai zafi kaɗan ko ɗan biti na 0.5. Irin wannan jirgi ne ya tilasta wa wani jirgin koyo T-33 na sojin Amurka sauka a filin Rinas a Disamban 1957, kuma gawar wancan jirgin tana nan a ganuwar birnin Gjirokaster. Littafin ya ba da labarin a taƙaice, bai yi ƙari ba.

A 1961 Hoxha ya ɓata da Mosko. Sobiyet ta kwashe ƙwararrunta, ta daina aiko da kayan gyara, sai Sin ta maye gurbi da nata kwafin jiragen Sobiyet ɗin. F-5 na cikin kwalin shi ne kwafin MiG-17F, kada a rikita shi da F-5 na Amurka, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ga mai karatu a Najeriya wannan jirgi ba baƙo ba ne, domin MiG-17 ne sojin samanmu suka yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, don haka wanda yake so yana iya sayen na biyu ya yi masa kore da fari. Wanda bai saba ba zai ce ai shi da MiG-15 duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: fukafukan F-5 sun fi karkata baya, digiri 45 maimakon 35, shingayen da ke tsaye a bayan kowane fiffike uku ne maimakon biyu, jikinsa ya fi tsawo, yana da ɗan ƙaramin fiffike a ƙarƙashin bindi, injinsa kuma yana da ƙarin wutar baya mai ƙara masa gudu. Kit ɗin ya kawo duk waɗannan, sai dai shingayen sun yi kauri, in aka auna su da ma'aunin sun zama kamar an yi su da katako. A goge su ta gefe biyu da samfefa mai lamba 600 har su sirance, sannan a bi da 1000. Akwai kuma gibi na kusan rabin milimita a mahaɗar fiffike da jiki ta ƙasa, a cike shi da ɗan siririn yankin roba, ya fi foti, domin foti yana janyewa in ya bushe sai layin ya sake bayyana bayan an yi fenti.

F-6 ne ƙashin bayan rundunar, kuma abin takaici shi ne ya fi kowanne wahala a kwalin. Asalinsa MiG-19 ne, jirgin Sobiyet na farko da aka ƙera da yawa wanda ke wuce saurin sauti a miƙe, yana kaiwa kusan kilomita 1,450 a sa'a da injuna biyu. Albaniya ta karɓi MiG-19PM guda 12 daga Sobiyet gab da ɓatawarsu, masu rada a hanci da makamai masu linzami huɗu, ba bindiga ko ɗaya. Da kayan gyara suka yanke, sai aka miƙa su ga Sin a tsakiyar shekarun 1960, aka karɓo F-6 masu bindiga uku na milimita 30, biyu a gindin fukafukai, ɗaya a ƙarƙashin hanci ta dama. A takarda wannan ci baya ne, an ba da mai rada an karɓi maras rada. A aikace kuwa an ba da jirgin da ba za a iya gyarawa ba an karɓi wanda ake da mai kawo kayansa. Wannan musaya ita ce ta fi bayyana halin da rundunar ta rayu a ciki, kuma littafin ya wuce ta da layi ɗaya.

Robar wannan kit ɗin mai laushi ce, tsohon ƙirar da aka yi ta zubawa har bakinsa ya ci, don haka kowane ɓangare yana da ɓawon roba a gefe da sai an kankare da reza. Babu 'yan ƙusoshin da ke daidaita ɓangarorin jiki biyu. In aka shafa gam gaba ɗaya aka matse, gefe ɗaya zai ɗara ɗaya, a samu tudu a tsawon bayan jirgin, kuma goge wannan tudun yana cinye zanen layukan da ke kusa. Yadda ake yi shi ne a manna 'yan ƙananan harsunan roba a cikin gefe ɗaya, tazarar santimita biyu-biyu, sannan a haɗa daga hanci zuwa bindi kaɗan-kaɗan, ana ɗiga gam mai ruwa a layin, ana riƙewa minti ɗaya kafin a matsa gaba. Sai fukafukai. Na F-6 sun karkata baya digiri 55, kuma suna sunkuyawa ƙasa kimanin digiri huɗu da rabi daga gindi zuwa baki. Ramin da aka yi musu a kit ɗin ya yi yawa, in aka bar su yadda suka ga dama sai su tsaya a miƙe ko ɗaya ya fi ɗaya sauka, jirgin ya rasa kamanninsa baki ɗaya. A kife jirgin a kan tebur mai santsi, a tallafi bakin kowane fiffike da kwali mai kauri ɗaya, a bar shi ya kwana. Faɗin fukafukan in an gama bai kai santimita 13 ba, don haka kuskuren milimita ɗaya ido yana kama shi.

Akwai kuma ƙananan bakunan shan iska masu yawa a bayan jikin, na sanyaya injuna, waɗanda aka zuba su a toshe. Mai haƙuri ya rarake bakin kowanne da tsinin reza, bambancin da hakan ke kawowa ya fi ƙarfin wahalar. Dogon bututun auna gudu da ke ƙarƙashin hanci kuwa kada ma a ɓata lokaci a kan na roba, ya yi kauri kuma zai karye kafin a kai ga fenti. Allurar sirinji siririya daga kemis, a yanke tsininta, ta fi shi kyau da ƙarfi. Saboda matsayin wannan jirgi a rundunar, da dilan ya sa guda biyu ya fi, kuma da ya nemi ƙirar da ta fi wannan.

F-7A ya dawo da martabar kwalin. Shi ne kwafin MiG-21 na farko-farko, mai fiffike kusurwa uku, kuma 12 kacal Albaniya ta samu a 1970, su ne mafi sauri da ta taɓa mallaka. Kit ɗin sabon ƙira ne, komai yana shiga mazauninsa. Abin lura a nan murfin gilashin matuƙi ne: guda ɗaya ne da ke buɗewa ta gaba, hinjinsa a gaban matuƙi, ba ta gefe ko ta baya ba kamar na jiragen da suka biyo baya. An kawo shi daidai. Wanda ya saba ganin hoton F-7NI da Najeriya ta karɓa a 2010 zai ga dangi ne, amma tsakaninsu akwai shekara arba'in na gyare-gyare, kada a ɗauki hoton namu a yi aiki da shi a kan wannan. Mazugin da ke tsakiyar hanci wuri ne mai kyau na ɓoye dalma, giram 4 zuwa 5 ya isa.

Y-5, kwafin An-2, mai fukafukai biyu sama da ƙasa, shi ne mafi girma, santimita 25 daga baki zuwa baki. Ba ya son nauyi a hanci tunda da ma a kan tayar bindi yake zama. Wahalarsa wayoyin da ke ɗaure tsakanin fukafukai ne, waɗanda ba a kawo ba. Zaren kamun kifi mafi siriri yana yi, a huda ramuka kafin fenti, a ja zaren bayan fenti. Wanda bai taɓa yi ba ya bar shi a ƙarshe.

Takardar tambura ita ce inda yanayin Legas ya yi ɓarna. Zanen kansa daidai ne: ja da baƙi da tauraro, alamar zamanin gurguzu, da lambobin hanci. Amma irin waɗannan tambura a kan siririyar fata suke wadda ruwa ke saki daga takarda, kuma danshi ne maƙiyinsu. A shagon an jera kwalayen a ƙasa jikin bango, ledar da takardar ke ciki ba a rufe take ba, garin kuma mafi yawan shekara iskarsa jiƙe take. Sakamakon haka iri biyu ne. Wasu takardun gam ɗinsu ya riga ya narke ya sake bushewa, ka jiƙa tambarin ya ƙi barin takarda. Wasu kuma fatar ta tsattsage da ido ba ya gani, sai an sa a ruwa ta wargaje. Kafin a biya kuɗi a ce wa mai shago, "Oga, a buɗe mini in ga takardar," ba ya hanawa. A ɗaga ta a haske: in ta yi lanƙwasa, ko takardar kariyar da ke kanta ta manne, ko akwai ɗigon baƙi-baƙi na fumfuna, a nemi wata. A gida kuma a fara gwaji da lambar da ba za a yi amfani da ita ba. In ta tsage, a fesa wa takardar duka fanis mai sheƙi sau biyu siriri, a bar ta ta kwana, sannan a yanke kowane tambari dab da bakinsa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, daƙiƙa 10 zuwa 15, a fitar a ajiye a kan tsumma minti ɗaya, sannan a zame shi da jiƙaƙƙen burushi. In an bar shi a ruwa har ya taso da kansa, gam ɗin ya tafi.

Yawancin jiragen yaƙin nan launin azurfa suke, kuma azurfa ba ta rufa wa kowa asiri, duk ƙarcen da samfefa ta bari sai ta nuna shi. Don haka a gama gugar da lamba 2000, a wanke robar da ruwan sabulu saboda maiƙon masana'anta da na hannu, a fesa baƙin fenti mai sheƙi a ƙasa, a ba shi kwana ɗaya cur, sannan azurfar ta hau a hankali, fenti ɗaya tina ɗaya, iskar kwamfureso tsakanin 15 da 20 a agogonta. Kada a yi feshi da sassafe ko bayan an ɗauke ruwan sama. Tina tana tashi da sauri ta sanyaya jikin robar, danshin iska ya kwanta a kai, fentin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Tsakar rana ya fi, kuma watannin hunturu sun fi damina, sai dai a lokacin ƙura ce abin tsoro, a kife roba mai tsabta a kan jirgin da zarar an gama. Kwamfureso yana tara ruwa a tiyo, in babu matatar ruwa a bakinsa zai tofa ɗigo a tsakiyar aiki. Shagon ba ya sayar da fentin wannan aiki sai na masu zane. Ana iya samun azurfar mota a wajen masu fenti na Ladipo, amma tinarta tana da zafi, tana cin robar in babu shimfiɗar farko a ƙasa, a gwada a kan guntun firam tukuna. Gilashin matuƙi kuma farin gam na kafinta kaɗai za a sa masa. Sufa gulu yana fitar da tururi da ke dusar da gilashin daga ciki, kuma danshi yana ƙara masa ƙarfi.

Ɗan littafin ya yi ƙoƙari wajen tsarin rundunar, kuma taswirarsa tana da amfani. Jiragen yaƙi a sansanoni uku suke: Rinas kusa da Tirana babban birni, Kuchova a tsakiyar ƙasar, wanda a lokacin ake kira Birnin Stalin, da Gjader a arewa. Makarantar matuƙa tana Vlora a bakin teku, jirage masu saukar ungulu kuma a Farka, gefen Tirana. Abin da bai bayyana ba shi ne dalilin da ya sa kusan duk abin da ƙasar ta tara jiragen tare hanya ne masu gajeren zango, ba na kai hari nesa ba. Dalilin yana jikin taswirar. Daga arewa zuwa kudu ƙasar ba ta wuce kilomita 340 ba, inda ta fi faɗi kuma bai kai 150 ba, wanda F-6 zai ratsa cikin minti shida ko bakwai. Italiya tana tsallaken ruwa da kilomita 72 kacal a inda mashigin ya fi matsewa, Girka tana kudu, Yugoslabiya ta kewaye arewa da gabas, kuma gwamnatin Hoxha duk maƙiya ta ɗauke su, musamman bayan ta fice daga Ƙawancen Warsaw a 1968. Ƙasar da jirgin abokin gaba zai iso kan sansaninta cikin mintuna ba ta da lokacin tayar da jiragenta su gudu. Shi ya sa a Gjader aka haƙa rami a cikin dutse mai tsawon kusan mita 600, wanda ke ɗaukar jirage wajen 50, aka haɗa shi da titin tashi ta doguwar hanya. Tunani ɗaya ne da wanda ya cika ƙasar da ramukan kankare sama da 170,000. Mai son yin wannan ramin a ma'aunin 1/72 zai buƙaci fiye da mita takwas, don haka bakin ƙofar kaɗai ake yi, da jirgi ɗaya yana fitowa, kuma F-7A ne ya dace da wurin.

Inda ba mu yarda da littafin ba shi ne shafin ƙarfin rundunar. Ya kawo cewa a ƙarshen zamanin gurguzu ƙasar tana da jiragen yaƙi kusan ɗari, wanda ba ƙarya ba ne, kuma ga ƙasa mai mutum miliyan uku adadi ne babba. Amma ya tsaya a nan, ya bar mai karatu da zaton cewa ɗarin nan duk za su tashi in an busa ƙaho. Ƙarfin rundunar sama ba a yawan jikin jirage yake ba, yana wajen inji, da mai, da sa'o'in da matuƙi ke samu a sama. Tun bayan 1961 Albaniya ta koma tace man jirgi da kanta, ingancinsa kuma bai kai ba, yana rage wa injuna kwana. Injin F-6 da ma can ba mai dogon rai ba ne, na farko-farko bayan sa'o'i kusan ɗari ake sauke shi a yi masa garambawul, kuma kowane jirgi biyu yake ɗauke da su. A 1978 Sin ma ta yanke taimako, daga nan babu sabon jirgi, babu mai kawo kaya, sai abin da masu gyara a Kuchova suka iya ƙerawa ko suka ciro daga wani jirgin suka sa wa wani. Cewa sun riƙe waɗannan jirage suna tashi har shekara ashirin da wani abu bayan haka abin a jinjina wa makanikan ne, kuma matuƙa da dama sun rasa rayukansu a haɗurra a tsawon shekarun. Amma a shekarun 1980, lokacin da maƙwabta ke da jirage masu rada da makamai masu linzami na zamani, yawancin na Albaniya bindiga da idon matuƙi suka dogara da su, ƙirar shekarun 1950. Littafin bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ƙarshen labarin ma a gurguje ya kawo shi: a Maris 1997, lokacin rikicin cikin gida, matuƙa biyu sun tsere Italiya da MiG-15 mai kujera biyu, a 2005 aka dakatar da duk jiragen yaƙin, a 2009 ƙasar ta shiga NATO, kuma Kuchova ɗin nan a 2024 aka buɗe shi a matsayin sansanin ƙungiyar.

Shagon kansa mutanen kirki ne amma ba su san kayan ba. Yaran shagon a matsayin kayan wasan yara suke tallata shi, har suna ce wa iyaye ya dace da ɗan shekara shida. Bai dace ba, akwai reza, akwai dalma, akwai tina, akwai ɓangarorin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Daga shekara goma sha huɗu ne, shi ma da babba a kusa. Farashi yana bin dala, don haka na wannan mako ba lallai ya zama na mako mai zuwa ba, amma sayen kwalin gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan a yi odar biyar ɗin ɗai-ɗai daga waje a biya kuɗin kawowa, kuma ana yin ciniki, musamman in ka nuna lahani a takardar tambura. Ba sa karɓar kaya in an fita da su, saboda haka a ƙirga firam-firam ɗin a gabansu, a duba gilasan matuƙa biyar ɗin ko akwai mai tsagewa, a kuma duba fukafukan Y-5 a kan kanta, domin dogaye ne kuma zafin sito yana lanƙwasa su. In lanƙwasar kaɗan ce ana miƙar da ita da ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a danne a kan gilashi har ta huce. Ga wanda ke tahowa daga Agege ko Mile 12 tafiyar ba nisa, na Idi-Araba da Obalende su sa ranar Asabar da safe kafin hanya ta cushe.

Wanda bai taɓa haɗa irin wannan ba ya fara da MiG-15bis, ya bi da F-7A, sannan F-5, ya bar F-6 da Y-5 sai hannunsa ya faɗa. Abin da saitin ya rasa da gaske shi ne jirgi mai saukar ungulu Z-5, kwafin Mi-4, wanda shi ne ke aikin yau da kullum a ƙasa mai duwatsu irin wannan, da kuma jirgin koyo ko da guda ɗaya, tunda makarantar Vlora tana cikin taswirar amma babu abin da za a ajiye a kanta. In masu saye suka riƙa tambaya, mai shagon yana iya sa dilansa ya kawo. Kafin nan, takardar tambura da ta rage a sa ta a leda mai zif tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, domin akwai lambobin da suka isa yin F-6 na biyu da na uku. Jiragen da aka gama kuma a sa su a akwatin gilashi nesa da taga, rana tana mayar da fanis rawaya, kuma zafinta yana sa ƙafafun tayar F-6 su buɗe a hankali saboda dalmar da ke hancinsa.